Amsoshin Tambayoyinku: Bishiyar Kirsimeti Ado Ce ko Tsafi?

TAMBAYA:  Ni matar aure ce, ina cikin Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu. Bara maigidana ya sayo bishiyar Kirsimeti ta roba da fitilu saboda yara, muka kafa ta a falo. Da Baba, mahaifin maigidana, suka zo daga ƙauye suka gan ta, sai ransu ya ɓaci, suka ƙi zama a falon har suka koma. Suka ce su daga gidan tsafi suka fito, sun san abin da ake nufi idan aka yi wa itace ado. Yanzu kuma babban ɗana ya nuna mini wani bidiyo a WhatsApp, inda wani mai wa'azi yake cewa Irmiya sura 10 ta hana wannan bishiya, wai asalinta daga Nimrod ne. Bana ma Baba za su zo. Shin mun yi zunubi ne? Kayan adon Kirsimeti sun saɓa wa Littafi Mai Tsarki?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. A gaida maigida da yara, a kuma miƙa gaisuwata ga Baba.

Bari in ba ki hukuncin tun daga farko don hankalinki ya kwanta. Kafa bishiyar roba a falo da rataya mata fitilu bai saɓa wa Littafi Mai Tsarki ba, matuƙar ba wanda yake rusuna mata, ba kuma wanda yake neman tsari ko sa'a daga gare ta. Ba ku yi zunubi ba. Sai dai maganar Baba ba ta mutu da wannan hukunci ba, kuma a ganina ita ce mafi nauyi a wasiƙarki. Zan zo kanta. Mu fara da ayar da ta tayar miki da hankali.

Ki buɗe Irmiya sura 10, amma kada ki tsaya a aya ta 4 inda masu bidiyo suke ja birki. Aya ta 3 da ta 4 suna maganar itacen da aka saro daga jeji, aka yi masa ado da azurfa da zinariya, aka kafe shi da ƙusoshi don kada ya faɗi. Duk wanda ya ji wannan kaɗai, ga kuma bishiya tana walƙiya a falonsa, dole gabansa ya faɗi. To amma ita kanta aya ta 3 ta ambaci gwanin sassaƙa da ya yi wa itacen aiki da kayan sana'arsa. Aya ta 5 ta ce abin ba ya magana, sai an ɗauke shi saboda ba ya iya tafiya, kada kuma a ji tsoronsa. Aya ta 9 ta faɗi inda ake kawo azurfar da zinariyar, daga Tarshish da Ufaz, ta ce maƙera ne suke aikin, har ana sa wa abin tufafi shuɗi da shunayya. Aya ta 14 ta ce babu numfashi a cikinsa. Wa ya taɓa sa ran bishiya ta yi magana ko ta yi tafiya, balle a yi mata gori don ta kasa? Abin da ake yi wa irin wannan gori shi ne wanda aka sassaƙa masa baki da ƙafafu. Irmiya mutum-mutumi yake nufi, gunkin da aka sassaƙa daga gungume, aka dalaye shi da ƙarfe mai daraja, aka tufatar da shi, mutane suka durƙusa a gabansa. Ishaya sura 44 ta kawo irin wannan hoton da ba'a mai zafi: mutum ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, sauran rabin ya mai da shi allahnsa yana roƙonsa ceto. Kama da wane ba ta wane. Irmiya ya yi annabci wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, bishiyar Kirsimeti kuwa ba ta bayyana ba sai bayan fiye da shekara 2,000.

Akwai ma ayoyin da suka fi Irmiya 10 kusa da zancen bishiya. Maimaitawar Shari'a 16:21 ta hana kafa itacen gunkiya Ashera kusa da bagaden Ubangiji, annabawa kuma sun sha tsauta wa Isra'ila saboda abin da suke yi a kan tuddai da gindin itatuwa masu duhuwa. Amma ki duba abin da ake yi a can: ƙona turare, yanka hadaya, karuwancin tsafi. Wannan Dokar da ta hana Ashera, ita ce kuma ta umarci jama'a a Littafin Firistoci 23:40 su ɗebo rassan dabino da na itatuwa masu ganye su yi murna a gaban Ubangiji kwana bakwai. Sulemanu ya cika bangon Haikali da zanen itatuwan dabino da furanni, kamar yadda 1 Sarakuna sura 6 ta nuna. Ishaya 60:13 ma ta ambaci kyawawan itatuwan Lebanon da za a kawo don ƙawata wuri mai tsarki. Ashe laifin ba a jikin ganye yake ba.

To daga ina ita wannan bishiya ta fito? Rubutattun shaidun da aka fi dogara da su suna yankin Alsas ne, a bakin kogin Rayin, kan iyakar Faransa da Jamus ta yau. A littafin kuɗi na garin Selesta na shekarar 1521 an rubuta ladan da aka biya masu gadin daji don su tsare itatuwa gab da Kirsimeti, alamar mutane sun riga sun saba da saro su. A 1605 wani ya bayyana yadda mutanen Sitirasbog suke kafa bishiya a ɗaki, suna rataya mata furannin takarda da tuffa da alewa da 'yan siraran gurasa. Waɗannan mutane kakanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru cikin addinin Kirista. Masana tarihi da yawa suna danganta al'adar da wasan kwaikwayon da ake yi ranar 24 ga Disamba, ranar tunawa da Adamu da Hawwa'u, domin koyar da jama'ar da ba su iya karatu ba. A wasan ana bukatar bishiyar gonar Aidan, a tsakiyar hunturun Turai kuwa itatuwan da ba sa kaɗe ganye ne kaɗai suke kore, sai a saro ɗaya a rataya mata tuffa. Ƙwallayen nan masu sheƙi da yaranki suke ratayawa su ne suka gaji gurbin tuffar.

Wani abin lura: a tsakiyar ƙarni na 17 an yi wani babban mai wa'azin Lutaran a Sitirasbog, Johann Dannhauer, wanda ya yi faɗa da bishiyar daga kan mumbari. Ƙorafinsa shi ne wasan yara ce, tana ɗauke hankalin mutane daga maganar Allah. Mutumin da yake zaune a garin da al'adar ta yi ƙarfi, yana kuma neman abin da zai kushe ta da shi, bai jingina ta da gumaka ba.

Daga nan sai sarauta da kasuwa suka ɗauka. A 1848 wata jaridar Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat, wanda Bajamushe ne, tare da 'ya'yansu kewaye da bishiya, sai kowa a Ingila da Amurka ya so irinta. Fitilun lantarki a jikinta sun fara ne a 1882 a birnin Niyok, a gidan Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison. Fadar Paparoma ba ta kafa bishiya a dandalin Bitrus ba sai 1982. Tamu ta roba kuwa, yawanci daga masana'antun ƙasar Sin ake kawo ta cikin kwali.

Gaskiya ne tsoffin ƙabilun Jamus sun bauta wa itatuwa. Wajen shekara ta 723 wani mai bishara daga Ingila, Bonifas, ya sare wani ƙaton itace da ake yi wa allahn tsawa tsafi a Gaisma, ya kuma gina ɗakin addu'a da katakonsa. Amma tsakanin wannan sara da littafin kuɗin Selesta akwai kusan shekara 800, ba kuma wata shaidar da ta ƙulla su, ko irin itacen ma ba ɗaya ba ne.

Zancen Nimrod kuwa yana da uba, sunansa Alexander Hislop, wani fasto ɗan Sikotilan. A 1853 ya fitar da ɗan littafi, ya faɗaɗa shi a 1858, yana ƙoƙarin nuna cewa duk al'adun cocin Katolika daga Babila suka fito. Hanyarsa ita ce duk inda ya ga abu biyu sun yi kama sai ya ce ɗaya ne ya haifi ɗayan. Ki duba abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa game da Nimrod a Farawa sura 10, da 1 Tarihi 1:10, da Mika 5:6. Jarumi ne, maharbi, mai kafa birane. Ba a ambaci matarsa ba, ba ranar haihuwarsa, ba wata bishiya. Wani mai wa'azi Ba'amurke, Ralph Woodrow, ya yaɗa ra'ayin Hislop a littafin da ya buga a 1966, wanda ya sami kasuwa sosai. Da ya koma ya bi diddigin majiyoyin da kansa, sai ya janye littafin daga kasuwa, ya rubuta wani a 1997 yana rushe abin da ya gina. Yawancin bidiyon da suke yawo a wayoyinmu ragowar wannan tuwon ne ake ɗumamawa.

Kada in yi wa ɗaya ɓangaren rashin adalci, domin suna da hujjojin da suka fi Nimrod ƙarfi. Romawa masu bautar gumaka suna ƙawata ƙofofinsu da ganye da fitilu a bukukuwansu, musamman shigowar Janairu. Suna kuma da bikin Satunaliya daga 17 zuwa 23 ga Disamba, lokacin ci da sha da ba da kyauta. Wajen shekara ta 200, malamin ikilisiya Tatuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya yi wa Kiristoci faɗa sosai don suna rataya ganye da fitilu a ƙofa kamar maƙwabtansu. A ƙarni na 6 Bishop Martin na Braga, a ƙasar Fotugal, ya hana ƙawata gida da koren ganye a bikin sabuwar shekara. Kaucin da Turawa suke ratayawa a bakin ƙofa ma, marubucin Roma Filini ya ba da labarin yadda bokayen ƙabilar Kelt suke girmama shi, ko da yake al'adar sumba a ƙarƙashinsa ta Ingila ce ta ƙarni na 18. Saboda haka wanda ya ce ado da koren ganye a lokacin sanyi ya girmi Kirsimeti a Turai, bai yi ƙarya ba.

Amma me ya sa Tatuliyan ya hana? A zamaninsa Romawa suna da allolin ƙofa da na dokin ƙofa, haikalinsu a buɗe yake, hayaƙin hadaya yana tashi. Wanda ya rataya ganye a ƙofarsa ranar bikin, duk unguwa ta san wa yake girmamawa. Yau a Sabon Gari ko Wusasa, wa zai ga fitilu a tagarki ya ce kina gaida allahn ƙofar Romawa?

Ranar 25 ga Disamba ba zan daɗe a kanta ba, tunda kan ado kika yi tambaya. Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar Yesu ba. Shaidar farko ta bikin a wannan rana daga Roma take, a wata kalanda ta shekarar 354 wadda jerin da ke cikinta ya koma 336, kuma a wannan kalandar an sa bikin allahn rana a ranar guda. Masana sun rabu biyu. Wasu sun ce ikilisiya ta zaɓi ranar ne don ta ture bikin rana, wasu kuma sun ce lissafi ne, domin tun kafin nan akwai Kiristocin da suka ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar da aka ɗauki cikinsa, in an ƙara wata tara sai a faɗo 25 ga Disamba. Har yau Armeniyawa 6 ga Janairu suke yi, Kibɗawan Masar da Habashawa kuma 7 ga Janairu.

Yanzu mu ɗauka mai bidiyon ya yi gaskiya a komai, a ce kowane ganye da kowace fitila daga gidan gunki suka fito. Shin asalin abu shi ne yake yanke masa hukunci har abada? Nan ne ainihin tambayar take, Littafi Mai Tsarki kuma bai yi shiru a kanta ba.

Masu hani sukan kawo Maimaitawar Shari'a 12:29-31, inda aka gargaɗi Isra'ila kada su tambayi yadda al'ummai suke bauta wa allolinsu don su yi wa Ubangiji haka. Gargaɗi ne na gaske, kuma nassin da kansa ya faɗi irin abin da yake nufi, har da ƙona 'ya'ya a wuta. Maganar hanyar sujada ce. Da a ce wani ya kawo bishiyar gaban ikilisiya ya ce a durƙusa mata da sunan Yesu, ko a zuba mata hadaya, wannan aya za ta kama shi, kamar yadda Haruna bai tsira ba don ya kira bikin ɗan maraƙin zinariya idin Ubangiji. Amma ki lura da ita zinariyar. A Fitowa sura 12 Isra'ilawa sun fito da kayan zinariya da azurfa na Masarawa, mutanen da suke cike da gumaka. Bayi ne da suka fito jeji, dukiyar da ke hannunsu ke nan. A sura 32 aka tara 'yan kunne aka yi ɗan maraƙi, Allah ya yi fushi. A sura 35 aka sake tara 'yan kunne da zobba aka yi alfarwa ta sujada, Allah ya cika ta da ɗaukakarsa.

Ga kuma misalin da ya bi ta ɗaya hanyar. Macijin tagulla na Littafin Ƙidaya sura 21, Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera shi. Ba asalin da ya fi wannan tsabta. Duk da haka, da mutane suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi, 2 Sarakuna 18:4 kuma ta lissafa wannan cikin ayyukansa na kirki. Asali mai kyau bai ceci macijin ba, asali marar kyau kuma bai hana zinariyar Masar shiga wuri mai tsarki ba. Abin da ake yi da abu a yau shi ake dubawa.

Manzo Bulus ya fuskanci abin da ya fi bishiyarki tsanani nesa ba kusa ba. A Koranti, naman da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa daga haikalin gumaka yake fitowa, wataƙila da safiyar ranar aka yanka shi a gaban gunki. Ba zancen shekara dubu da ta wuce ba ne. A 1 Korantiyawa sura 8 zuwa 10 ya ce gunki ba komai ba ne, a sayi nama a ci ba tare da bincike ba, gama duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Amma ya ja layi a wuri biyu. Kada mai bi ya zauna a teburin bikin gunki yana tarayya da masu hadaya. Kada kuma 'yancinsa ya zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwa. In har naman da aka yanka wa gunki da safe zai iya shiga tukunyar mai bi da yamma, ina ga robar da aka narka a masana'anta?

Mu ma nan gida mun bi ta wannan hanya. Akwai lokacin da masu bishara na farko a wurare da dama suka ƙi yarda a shigo da ganga cikin sujada, saboda an san ta a wajen bori da bukukuwan tsafi. Yau ke da kanki kin san yadda majami'a take ɗauka idan Zumuntar Mata ta tashi da ganga da tulu da kacau-kacau. Fatar ita ce dai, bugun ma kusan shi ne, wanda ake yi wa ne ya sauya. Ko a Turai an yi wannan muhawara: a shekara ta 601 Paparoma Giregori ya rubuta wa masu bisharar da ya aika Ingila cewa su farfashe gumakan amma su bar gine-ginen, a tsarkake su a mai da su majami'u.

Wannan ba ya nufin dole kowa ya yi ado, ko ya yi bikin ma. Ba inda aka umarci Kirista ya kiyaye Kirsimeti. Majalisar dokokin Ingila ta soke bikin a 1647, a Masacuset ta Amurka an ci tarar sule biyar ga duk wanda ya yi shi daga 1659 zuwa 1681, a Sikotilan kuwa bai zama ranar hutu ba sai 1958. Waɗannan masu tsoron Allah ne, ba jahilai ba. A ƙasarmu ma cocin Deeper Life ba ya bikin. Romawa 14:5-6 ta ba kowa wuri: mai girmama wata rana don Ubangiji yake yi, wanda bai girmama ba shi ma don Ubangiji ne, kowa dai ya tabbata a zuciyarsa. Rashin umarni kuma ba hani ba ne. Idin Tsarkakewar Haikali ba ya cikin Dokar Musa, an kafa shi ne a zamanin Makabiyawa, amma Yahaya 10:22-23 ta nuna Yesu yana cikin Haikali a lokacin idin.

Mu dawo kan Baba. Baba ba gardamar tarihin Jamus suke yi ba, saboda haka ko kin kai musu 1521 da 1605 ba abin da zai sauya. Abin da idonsu ya gani suke tunawa. A ƙasar Hausa itace da tsafi sun daɗe tare. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura, wadda matsafarta bishiya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Wanda ya tashi a gidan maguzanci ya san tsamiya ko kukar da ba a zama a gindinta da tsakar rana, ya ga an ɗaura mata ƙyalle, ya ga jinin zakara ko na baƙin bunsuru a saiwarta. Wataƙila da hannunsu Baba suka riƙe dabbar. Wataƙila kuma barin wannan hanya ya jawo musu gaba da 'yan'uwa da rasa gado. Mutum irin wannan ya shigo gidan ɗansa ya tarar da itace a tsakiyar ɗaki an yi masa ado, jikoki sun kewaye shi suna murna, me kike so zuciyarsa ta gaya masa? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ba kuma wauta ba ce.

Irin su Baba ne Bulus yake magana a kansu a 1 Korantiyawa 8:7, mutanen da suka saba da gumaka a dā, waɗanda har yanzu abin yana taɓa lamirinsu. Hukuncin da ya yanke wa kansa a aya ta 13 shi ne gara ya bar cin nama ɗungum da ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. Shi da yake da hujja a hannu, shi ne ya sassauta. Romawa 14:14 ta ƙara da cewa ba abin da yake ƙazantacce don kansa, amma ga wanda ya ɗauke shi ƙazantacce, a gare shi haka yake. Ki kuma yi hattara, kada wani a gidan ya je ya ce wa Baba bangaskiyarsu ce rarrauna. Wanda ya juya wa tsafin gidansu baya ya biya farashin da yawancinmu da aka haifa cikin ikilisiya ba mu taɓa biya ba.

Sassaucin nan yana da iyaka, ya kamata in faɗa. Romawa 14:3 takobi ne mai kaifi biyu: mai ci kada ya rena marar ci, marar ci kuma kada ya hukunta mai ci. Idan wani ya tashi a ikilisiya yana cewa duk mai bishiya a gida ya fita daga bangaskiya, sai dattawa su zaunar da shi su karanta masa Kolosiyawa 2:16. Barin abu don ƙauna daban, mai da ra'ayin mutum ɗaya dokar ceto daban. Bulus ɗin da ya yarda ya bar nama, shi ne a Galatiyawa sura 2 ya ƙi ba da kai ko na ɗan lokaci ga masu son ɗora wa jama'a kaciya. Zancen kafa bishiya a cikin majami'a kuwa na fasto da dattawa ne, su ne suka san tarihin mutanensu, kuma abin da ya dace da ikilisiyar birni ba lalle ya dace da ta ƙauyen su Baba ba.

Tunda muna maganar gumaka, akwai wanda ya fi ba ni tsoro a watan Disamba fiye da kowace bishiya. Kolosiyawa 3:5 ta kira kwaɗayi bautar gumaka kai tsaye. Bashin da ake ci don ɗinkin gasa, kuɗin makarantar Janairu da ake cinyewa a kwana uku, matar da ta ƙi zuwa sujada don ba ta sami sabon zane ba, samarin da suke kwana a mashaya da sunan haihuwar Mai Ceto: waɗannan ba sa bukatar a tono musu tarihin Babila. Ga Baba Kirsimeti kuma. Asalinsa Nikolas ne, bishop na Mira a Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, wanda aka san shi da taimakon matalauta a ɓoye. Jan kaya da farin gemun da aka saba gani tallace-tallace ne suka kafe su a idon duniya, musamman na Coca-Cola daga 1931. Ba gunki ba ne, amma idan yaro ya fi sanin sunansa da na Yusufu da Maryamu da makiyayan Baitalami, akwai gyara a gidan.

Ga shawarata a aikace. Bana ki bar bishiyar a kwalinta muddin Baba suna gidan. Kada kuma a ɓoye ta a ɗakin yara a ce musu an yar, domin ranar da suka gano, ƙaryar za ta fi bishiyar zafi. Ke suruka ce, ba ke za ki buɗe wannan magana da su ba. Maigida ne zai same su su biyu, ya gaya musu cewa an ajiye ta ne saboda girmansu, ya kuma tambaye su ko fitilu da balan-balan da tauraron takarda suna damunsu. In sun ce ba komai, a ƙawata falon da su. In Baba da kansu suka nemi sanin dalilin da ya sa kuke ganin ba laifi, sai a kira fasto ko wani dattijo sa'ansu a karanta Irmiya 10 tun daga farko har ƙarshe. Shi kuma babban ɗanki, ki sa shi ya karanta surar gaba ɗaya da bakinsa kafin ya sake tura wa kowa wannan bidiyo.

Yara za su yi ƙorafi, ki gaya musu gaskiyar dalili, sun isa su koyi cewa ana barin halal saboda babba. Daren Kirsimeti kuma, bayan an karanta Luka sura 2, maigida ya roƙi Baba su ba jikokinsu labarin yadda suka bar tsafi suka bi Almasihu, da wanda ya fara kawo musu bishara, da abin da ya same su bayan nan. A sa ɗaya daga cikin yaran ya ɗauka a waya, in Baba sun yarda. Ki rubuto mana bayan biki mu ji yadda kuka ƙare. Allah ya kai mu lafiya.